Mudun Aro: Yadda Manhajojin Lissafin Hayaƙi Ke Auna Kazaure da Kwanon Landan

A kan titin da ya taso daga Kano ya ratsa Kazaure ya nufi Daura, ba a doguwar tafiya ba tare da an hango ƙarfen sabis ba, kuma da yawansu akwai janareta a gindinsu yana ruri dare da rana. Hayaƙin da ke fita daga bututun wannan janareta kowa yana ganinsa. Abin da ba a gani shi ne littafin da ake rubuta shi a ciki, da kuma sunan wanda ake rubuta wa.

A shekarar 2014 kamfanin MTN na Najeriya ya miƙa ƙarafunan sabis sama da 9,000 ga wani kamfani da IHS ke gudanarwa, Airtel kuma ya ƙulla cinikin sayar da nasa kusan 4,800 ga American Tower. Ciniki ne na halal, kuma dalilansa na kasuwanci ne. Amma yana nuna wani abu game da lissafin hayaƙi. Washegarin irin wannan ciniki, janaretan yana nan inda yake, yana shan dizal ɗin da ya saba sha, wayoyin da yake ɗauka su ne dai na jiya. Sai dai a tsarin lissafin da duniya ke bi, hayaƙin yana iya tashi daga shafin abin da kamfanin waya ya fitar da hannunsa, ya koma shafin abin da wani ya fitar dominsa. Ba a rage ko kilo ɗaya daga abin da ya hau sama ba. Shafi kawai aka sauya.

Wannan layi da ke raba hayaƙin kai tsaye da hayaƙin bayan fage shi ne ginshiƙin kowace manhajar lissafin hayaƙi mai ɗumama duniya. Masu ƙirƙirar irin waɗannan manhajoji suna ɗaukarsa a matsayin batun tsara akwatunan bayanai. A Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa batun ya fi haka nauyi, domin wannan layi ne zai yanke wanda zai fito da tsabta a idon banki da mai saye, da wanda zai fito da baƙin jini. Manhajojin da ake shigowa da su a yau suna jan layin ta yadda mai ƙarfi ke wankuwa, ƙaramin ɗan kasuwa da manomi kuma su ɗauki dattin. Injiniyan da ya kwafi wannan tsari bai gyara ba, ya zama abokin tarayya a cikin rashin adalcin.

Rukunai uku da asalinsu

Tsarin da kusan kowa ke bi sunansa GHG Protocol. Cibiyar WRI da ke Washington da majalisar 'yan kasuwa ta WBCSD da ke Geneva ne suka fara aikinsa a 1998, suka fitar da ƙa'idar kamfanoni a 2001, suka sabunta ta a 2004. Ƙa'idar ta kasa hayaƙi gida uku. Rukuni na ɗaya shi ne na kai tsaye, wato wanda ya fito daga abin da kamfani ya mallaka ko yake iko da shi: janaretansa, motocinsa, tukunyar masana'antarsa. Rukuni na biyu shi ne hayaƙin da aka fitar wajen samar da wutar lantarki ko tururin da kamfanin ya saya. Rukuni na uku ya tattara duk sauran: hayaƙin gonar da ta noma kayan da ya saya, na tirelar haya da ta ɗauko su, na jirgin ruwan da ya tsallaka da su, har na mutumin da ya yi amfani da kayan a ƙarshe. A 2011 aka fitar da ƙa'ida ta musamman da ta raba wannan rukuni na uku zuwa kashi 15.

Lissafin kansa ba shi da wuyar fahimta. Ana ɗaukar adadin aiki, a ninka shi da wani ma'auni. Litar dizal ɗaya idan ta ƙone tana fitar da kimanin kilo 2.7 na iskar kabon, litar fetur kuma kimanin kilo 2.3. Sauran iskoki ana mayar da su zuwa kwatankwacin kabon: kilo ɗaya na iskar methen mai fitowa daga cikin shanu da fadamar shinkafa ya kai kusan kilo 27 na kabon a tsawon shekara 100, kilo ɗaya na naitros oksaid mai tashi daga taki kuma ya kai kilo 273, bisa rahoto na shida na kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC. Wannan ma'aunin ninkawa shi ne mudun awo na harkar. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwanni biyu ya san cewa rigimar awo ba a kan hatsin take ba, a kan girman kwanon take.

Batun ya daina zama na Turawa kaɗai. A watan Nuwamban 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawari a taron Glasgow cewa Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take shanyewa nan da 2060, kuma a cikin watan ya sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi. Dokar ta ɗora wa kowane kamfani mai ma'aikata 50 zuwa sama nauyin ɗaukar matakan rage hayaƙi da naɗa jami'in da zai riƙa ba da rahoto. A watan Yunin 2023 hukumar ISSB ta fitar da ƙa'idar IFRS S2, wadda ta wajabta bayyana rukunan nan uku, kuma hukumar kula da rahoton kuɗi ta Najeriya ta tsara jadawalin da zai sa bin ta ya zama dole ga manyan kamfanoni daga 2028. Banki ko kamfanin fitar da kaya da aka tilasta wa bayyana rukuni na uku dole ne ya juya ya tambayi waɗanda yake ba bashi da waɗanda yake saye a hannunsu. Tambayar za ta iso Kazaure ta hanyar takardar neman rance da yarjejeniyar sayen riɗi, kuma manhaja ce za ta ba da amsa.

Laifin janareta

Waɗanda suka tsara rukunan sun zauna ne a ƙasashen da wutar lantarki ke fitowa daga bango a kowane lokaci. A can, ofis ko ƙaramar masana'anta ba ta da wani abin kirki a rukuni na ɗaya, nauyinta yana rukuni na biyu. A yankin da KEDCO ke raba wa wuta, wato Kano da Katsina da Jigawa, lamarin a juye yake. Wanda yake son injinsa ya yi aiki a kan kari dole ya zama kamfanin wutar kansa.

A ɗauki misalin injinan casar shinkafa biyu a Kazaure, masu girma ɗaya, masu aiki ɗaya. Na farko yana da janaretansa, yana ƙona lita 100 ta dizal a rana. Hayaƙinsa kilo 270 ne a kullum, wato tan 81 idan ya yi aiki kwana 300 a shekara, kuma dukkansa zai bayyana a rukuni na ɗaya, shafin da mai ba da rance ke fara dubawa. Na biyun bai sayi janareta ba, ya ja waya daga janaretan maƙwabcinsa yana biya duk mako. Dizal ɗin da aka ƙona dominsa lita 100 ɗin ce. Amma rukuninsa na ɗaya fari ne tas, domin wutar saye ya yi.

Har nan ƙa'idar ba ta yi ƙarya ba, tunda hayaƙin zai koma rukuni na biyu. Ɓarnar tana faruwa ne a cikin manhaja. Manhajar da aka gina da tunanin cewa wutar saye ta layin gwamnati ce kawai, za ta tambayi yawan wutar da aka sha da sunan ƙasa, sannan ta ninka da matsakaicin ma'aunin layin wutar ƙasar. Wutar layin Najeriya mafi yawanta daga iskar gas take fitowa, sauran daga madatsun ruwa irin su Kainji da Jebba da Shiroro, don haka ma'auninta ya yi ƙasa sosai da na janareta. Janareta mai lafiya yana ba da kimanin kilowat-awa uku a kowace litar dizal, wato kusan kilo 0.9 na kabon a kowane kilowat-awa, tsohon da ya gaji kuma ya wuce haka. Sakamakon shi ne injin casa na biyu zai fito a allon kwamfuta a matsayin wanda ya fi tsabta nesa ba kusa ba, alhali hayaƙi ɗaya suka tura sama. Jagorar rukuni na biyu da GHG Protocol ta fitar a 2015 ta tanadi cewa idan wuta ta zo kai tsaye daga wani injin da aka sani, a yi amfani da ma'aunin wannan injin. Amma idan fom ɗin manhaja bai buɗe gurbin wannan tambaya ba, tanadin ya zama rubutu a takarda.

Jagorar ta 2015 ta buɗe wata ƙofa kuma. Ta yarda kamfani ya ba da lissafi biyu: ɗaya bisa layin wutar da yake kai, ɗaya bisa takardun shaidar wuta mai tsabta da ya saya. Shekaru ke nan ana maganar kafa babbar tashar wutar sola mai megawat 1,000 a Jigawa, da sunan Gwiwa a matsayin mazauninta. Ranar da irin wannan tasha ta tabbata, ba abin da zai hana wani kamfani a Legas ya sayi takardun shaidar wutarta ya rubuta sifiri a rukuninsa na biyu, yayin da mai walda a garin da ya ba da filin yake ci gaba da tayar da janareta, ana rubuta masa hayaƙi a rukuni na ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Itacen da ba ya shiga lissafi

Akwai abin da ya fi wannan muni, kuma a nan laifin na ƙa'idar ce da kanta. Iskar kabon da ta fito daga ƙona itace ko gawayi ko ƙaiƙayi ba a saka ta cikin rukunan uku. Ana ba da rahotonta a gefe, bisa hujjar cewa bishiyar ta shanye kabon ɗin lokacin da take girma, wata kuma za ta tsiro ta sake shanye shi. Hujjar tana da ma'ana a dajin da ake sarewa ana dasawa. A kan iyakar Babura da Jamhuriyar Nijar, inda Jigawa take cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Bishiyoyi ya ware a matsayin na bakin hamada, bishiyar da aka sare ba ta da tabbacin magaji.

Ga abin da wannan ke haifarwa. Gidan biredi a Babura da ke gashi da itace zai fito a manhaja da hayaƙi ɗan kaɗan, domin methen da naitros oksaid na wutar kawai za a ƙirga masa. Ranar da mai gidan ya ji wa'azin kare daji ya sayi tanda mai aiki da gas, rukuninsa na ɗaya zai yi tsalle sama, allon manhaja kuma ya yi ja. Mutumin ya bar sare bishiya, manhaja ta hukunta shi. Matan da ke turara shinkafa da itace a garuruwan noman rani su ma haka lissafin zai yi musu. Manhajar da ta ɓoye lambar itace a shafi na goma sha biyu na rahoto, ta bar jimillar rukunai uku a shafin farko, tana koya wa mai amfani da ita darasin da ya saɓa wa maslahar ƙasarsa.

Lissafin itace ya riga ya jawo abin kunya a wani fagen. A watan Janairun 2024 masu bincike daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka wallafa nazari a mujallar Nature Sustainability, inda suka gano cewa takardun rage kabon da ake sayarwa a kan murhunan girki na zamani an kumbura su kusan ninki tara. Daga cikin dalilan akwai zato mara tushe game da yawan itacen da ake sarewa ba ya dawowa, da yawan amfanin da ake yi da murhun. Idan zaton ya yi sama, dillalin kabon ya ci riba. Idan an mayar da shi sifiri, mai sare daji ya wanku. A duka biyun, lambar da ba a auna ba ce ke mulki.

Manomi a rukuni na uku

Jigawa tana cikin manyan jihohin da ke noman riɗi da zoɓo. Riɗin yana bi ta kasuwanni irin su Maigatari da Dawanau, ya yi tafiyar kilomita kusan 1,000 a tirela zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas, ya ƙare a Japan ko Turkiyya ko Sin. Zoɓon kuma babbar kasuwarsa Meziko ce. A littafin kamfanin da ya saye shi a can, manomin Gwiwa ko Roni yana zaune ne a kashi na farko na rukuni na uku, wato kayan da aka saya. Ƙungiyar CDP ta ba da rahoton cewa hayaƙin masu kawo wa manyan kamfanoni kaya ya ninka na kamfanonin kansu fiye da sau 11. Saboda haka duk kamfanin da ya yi alkawarin rage hayaƙi, idonsa a kan masu kawo masa kaya yake.

Tambayar ita ce da wane mudu ake auna manomin. A jagorar IPCC ta 2006 an ɗauka cewa kashi 1 cikin 100 na sinadarin naitrojin da aka zuba a gona yana tashi a matsayin naitros oksaid. A gyaran 2019 aka raba ma'aunin gida biyu: kashi 1.6 ga takin zamani a yanki mai damshi, kashi 0.5 a busasshen yanki, kuma a ƙasashe masu zafi busasshen yanki shi ne wanda ruwan samansa bai kai milimita 1,000 a shekara ba. Arewa maso yammacin Jigawa yana cikin wannan aji. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitrojin. Idan aka auna shi da mudun busasshen yanki, naitros oksaid ɗinsa ya kai kwatankwacin kilo 49 na kabon. Da tsohon mudu, kilo 99. Da mudun yanki mai damshi, kilo 158. Buhu ɗaya, gona ɗaya, amsa uku, kuma ta ƙarshe ta ninka ta farko fiye da sau uku. Manhajar da ta ɗauki Najeriya a matsayin yanki ɗaya, ta auna Babura da ruwan saman Fatakwal, ta ɗora wa manomi bashin da bai ci ba.

Shanu ma haka. Jagorar 2006 ta ƙiyasta kilo 31 na methen a shekara ga saniyar Afirka wadda ba ta madara ba, kilo 53 ga takwararta ta Arewacin Amurka. Shinkafar da ake janye wa ruwa lokaci zuwa lokaci tana fitar da kusan rabin methen ɗin wadda ke zaune cikin ruwa har girbi. Manomin rani a bakin kogin Gari da ya ajiye injin ban-ruwa mai fetur bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 ya koma na sola, ya rage hayaƙi na gaske da kuɗin aljihunsa. Idan manhajar mai sayen tumatir ɗinsa tana aiki da matsakaicin ma'auni na ƙasa baki ɗaya, wannan ƙoƙari ba zai taɓa bayyana a ko'ina ba. Matsakaici ba ya ganin mutum.

Lokacin da naira ke rage hayaƙi

Hanya mafi sauƙi ta cika rukuni na uku ita ce a duba kuɗin da aka kashe a ninka da ma'aunin kilo nawa ne a kowace dala. Manhajoji suna son wannan hanya domin bayanan suna nan a littafin akanta, kuma teburan ma'aunin ana samunsu a shirye daga Amurka da Turai. A ƙasar da darajar kuɗinta ke tsaye, hanyar tana ba da ƙiyasi mai ɗan amfani. A Najeriya tana ba da tatsuniya.

A watan Mayun 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin hukuma. Zuwa watan Fabrairun 2024 ta haura naira 1,400. Kamfanin da ya biya kuɗin haya da na leburori da na kayan gida a naira, idan manhaja ta mayar da kuɗin zuwa dala kafin ta ninka, za ta nuna hayaƙinsa ya faɗi warwas a duk inda farashin naira bai bi dala sau da ƙafa ba. Idan kuma ta riƙe ma'aunin a naira ba ta cire hauhawar farashi ba, wadda ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, za ta nuna hayaƙin ya ƙaru da kusan kashi ɗaya bisa uku alhali buhunan ba su ƙaru ba. A hali na farko kamfanin zai yi shelar nasarar da bai yi ba. A hali na biyu zai matsa wa dillalansa lamba kan laifin da babu shi. Hanyar tana da wani aibi kuma: wanda ya biya manomi farashi mai kyau hayaƙinsa zai hau, wanda ya danne shi nasa zai sauka.

Hujjojin masu ja

Akwai masu cewa duk wannan ɓata lokaci ne. Ɗan Najeriya a matsakaici bai kai tan ɗaya na kabon a shekara ba, Ba'amurke yana kimanin tan 14, Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin 100 na kabon ɗin da duniya ke fitarwa daga mai da gas da kwal ba. Me ya haɗa manomin Roni da lissafin hayaƙi? Maganar gaskiya ce, amma ba ta kai inda ake so ta kai ba. Ba a tambayi manomin ko yana son a auna shi ba. Ana auna shi a yanzu, a ofisoshin da bai san da su ba. Tarayyar Turai ta fara tsarin harajin kabon a kan iyaka da matakin gwaji a watan Oktoban 2023, a kan siminti da ƙarfe da alminiyam da taki da wutar lantarki da haidirojin. Riɗi da zoɓo ba sa ciki, amma alƙiblar kasuwa a fili take. Ƙarancin hayaƙin manomin Jigawa jari ne a irin wannan kasuwa, kuma jarin da ba a rubuta ba wani ne ke cin moriyarsa.

Wasu kuma suna cewa rukuni na uku ba ya aunuwa, gara a watsar da shi. Hukumar kula da hannun jari ta Amurka ma ta cire shi daga dokar da ta amince da ita a watan Maris na 2024. Amma misalin ƙarfen sabis ya isa amsa. Idan rukuni na ɗaya da na biyu kaɗai ake ƙirgawa, hanya mafi arha ta zama mai tsabta ita ce a sayar da tireloli a koma haya, a rufe janareta a sayi wuta a hannun ɗan kwangila. Mai jari yana iya yin haka da sa hannu ɗaya. Mai injin niƙa a Gwiwa ba shi da wanda zai miƙa wa hayaƙinsa.

Hujja ta uku ta fi ƙarfi: rukuni na uku yana ƙirga abu ɗaya sau da yawa. Fetur ɗin injin ban-ruwa yana rukuni na ɗaya na manomi, yana rukuni na uku na dillali, da na mai fitarwa, da na kamfanin da ke matse man riɗi a Japan. Haka ne, kuma da gangan aka tsara shi haka. Ba a yi rukuni na uku don a tara jimillar duniya ba. An yi shi ne don kowa a cikin sarƙar ya ga inda hannunsa ke iya kaiwa. Ma'anar wannan a bayyane take, ko da yake ba a cika faɗinta ba: wanda ya rubuta hayaƙin manomi a littafinsa ya amsa cewa yana da kaso a cikin nauyin. Idan ya yi amfani da lambar wajen sauya dillali kawai, bai sa ko kwabo wajen sayen injin sola ba, ya karɓi rabin ƙa'idar da ke masa daɗi ya jefar da sauran.

Abin da ya rataya a wuyan masu manhaja

Yankin nan ba ya rasa masu iya wannan aiki. Kazaure tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da cibiyar koyar da fasahar kwamfuta ta jihar Jigawa, Babura kuma ta samu jami'ar fasaha ta tarayya a 2021. Matasan da ke fitowa daga waɗannan makarantu su ne za a ɗauka aikin gina manhajojin bankuna da na kamfanonin amfanin gona, ko a ba su na waje su daidaita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya girma yana jin ƙarar janareta ba shi da uzurin gina fom ɗin da bai san da janareta ba.

Manhajar da ta dace da wannan ƙasa dole ta raba wuta bisa tushenta, ta tambayi nawa aka sha daga KEDCO, nawa daga janaretan gida, nawa daga na maƙwabci, nawa daga sola, ta ba kowanne ma'auninsa. Dole ta ɗora lambar itace da gawayi a shafin farko, kusa da jimillar, yadda mai gidan biredin da ya koma gas zai ga abin da ya rage tare da abin da ya ƙara. Dole kowace lamba ta zo da asalinta: wane ma'auni aka yi amfani da shi, na wace shekara, na wane yanki, kuma aunawa aka yi ko ƙiyasi. Lambar da aka samo daga rasit ɗin dizal da wadda aka samo daga teburin Amurka bai kamata su fito da launi ɗaya ba.

Dole ta karɓi awon da mutane ke yi da gaske, buhu da tiya da jarka da kurar itace, ta yi aiki da Hausa, a ƙaramar waya, a wurin da sabis ke ɗaukewa. Idan kamfani ya sayar da motocinsa ko ya miƙa wani aiki ga ɗan kwangila, manhajar ta nuna ƙarara cewa hayaƙin ƙaura ya yi, ta nemi a sake lissafin shekarar da ake kwatantawa da ita, kada ta buga masa tafi. Lissafin kuɗi kuma ya zama mafita ta ƙarshe, da gargaɗi a kansa, da gyaran canji da na hauhawar farashi. Sannan manomin da aka karɓi bayanan gonarsa ya samu kwafin sakamakon a hannunsa, domin ya iya kai shi gaban wani mai saye ya nemi ƙarin farashi.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya gagari ɗalibin shekarar ƙarshe. Abin da ke hana su shi ne sun fi kwafe tsada, kuma wanda ke biyan kuɗin manhaja ba shi ne wanda kuskurenta ke cutarwa ba. Kamfani ke saye, manomi ke ɗaukar sakamako. Shi ya sa zaɓin ya koma hannun wanda ke zaune gaban kwamfuta yana yanke shawarar tambayar da za ta shiga fom da wadda za a bari.

Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairun 2021 ta Kazaure ya bi. Ranar da buhunan riɗi suka fara hawa jirgin ƙasa maimakon tirela, hayaƙin jigilarsu zai ragu da gaske, kuma wani zai rubuta ragin a littafinsa ya kai banki. Ko sunan da za a rubuta zai kasance na wani a Kazaure ko na wani a Rotterdam, amsar tana cikin manhajojin da ake rubutawa a wannan shekara.